Sawun Matacce a Rumbun Dangin Gil

Ranar Talata da hantsi muka gano cewa Yaya Pil-gu ya goge kansa daga rumbun takardun dangi. Abin da ya hana kowa zama shi ne, a ranar da aka yi gogewar kwanansa arba'in da tara a kabari.

Jae-mun, ɗansa kuma sabon magajin gidanmu, shi ya fara gani. Ya zo daga Seoul don ya aika wa maɗaba'a littafin salsala, wanda sau ɗaya ake buga shi a shekara talatin. Ya buɗe kwamfutar zauren dangi, ya nemi jakar da ke ɗauke da sunan mahaifinsa, babu ita. A cikinta hotunan tsofaffin shafukan babban reshe suke, kakanni goma sha ɗaya. Takardun asali kuwa gobarar dajin bara ta cinye su tare da akwatinsu.

"Baffa Dal-gu," in ji shi, yana nuna ni da yatsa gaban dattawa, "kai ne mai kula. Ina ubana?"

Na girme shi da shekara ɗaya kacal, amma a lissafin salsala tsarar ubansa nake, dole ya ce min Baffa ko da ransa a ɓace.

Na zauna na buɗe abin da nake kira sawu, wato jerin da rumbun ke ajiyewa na wanda ya shiga, da lokacin, da abin da ya taɓa. Shekara ashirin da biyu na yi ina bin sawun aladen daji masu ɓarnar gonakin tuffa kafin gwiwa ta sauko da ni daga tsauni. Kwamfuta ni na koya wa kaina, da tsofaffin littattafai da taurin kai.

Layi ɗaya ne. Gil Pil-gu ya goge jaka. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, daga wannan kwamfutar. Kwana ashirin da bakwai da suka wuce.

Baffa Yong-ho, mai shekara casa'in da ɗaya, ya kai hannu bayan kunne.

"Wa ya goge?"

"Yaya Pil-gu."

"To ku tambaye shi mana." Sai ya tuna, ya sauke hannun.

Na gaya musu sauran. Abin da aka goge yana kwana talatin a kwandon shara kafin ya tafi har abada. Ranar Juma'a, sha ɗaya da minti ashirin, zai tafi. Kwandon kuma mai gida kaɗai ke buɗe shi, mai gida kuwa shi ne marigayin, da kalmar sirrinsa.

Jae-mun ya kira kamfanin da ke riƙe da rumbun. Muna ji yana faɗa wa wata mata a waya, "Gil Pil-gu. Pil-gu! Ya rasu, na ce miki." Ta ce a kawo takardar kotu. Mako uku, in an yi sauri.

Kafin la'asar ƙauyen Solmae ya kasu biyu. Rabi sun ce aikin ƙaramin reshe ne. Rabi sun ce tsohon ne ya dawo, akwai abin da aka yi masa.

*

Laifin farko nawa ne, gara in faɗa tun yanzu.

Matsayi huɗu ne a rumbun. Mai kallo yana karantawa kawai. Mai gyara yana rubutu da cirewa. Mai kula, wato ni, yana ba da izini, yana karɓewa, yana ganin sawu. Mai gida yana iya komai. Da muka kafa shi na ce a raba matsayin bisa aikin kowa, dattawa suka ce rashin kunya ne, za a raba ne bisa girma. Haka Baffa Yong-ho, wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba, ya zama mai gyara, malaman makaranta biyu daga cikin jikoki suka zama masu kallo.

Da Yaya Pil-gu ya kwanta ciwo, ya kamata in ce ya miƙa matsayinsa ga wani. Amma wa zai tsaya gaban magajin gida ya ce masa ya shirya mutuwa? Da ya rasu, ina da ikon dakatar da sunansa. Sau uku na kai hannu. Kowane karo sai in ga kamar zan binne shi karo na biyu tun ba a gama makoki ba. Na bar ƙofar a buɗe, na kira abin ladabi. Har yau ban tantance ba ko ladabi ne ko tsoro.

*

Ranar arba'in da tara, ranar cikar makoki, kowa ya hau tsauni zuwa kabari. Mutum ɗaya ya sauko da wuri: Man-gi, shugaban ƙaramin reshe, wanda ya shekara goma yana musu da marigayin a kan wane ne babba tsakanin kakanninmu biyu na bakwai.

Na same shi Laraba da safe a gonarsa yana ɗaure wa tuffa takarda don tsare su daga ƙwari. Shekararsa saba'in da huɗu, amma a salsala jikana ne.

"A'a, Kaka da kansa," in ji shi daga kan tsani. "Ka yi hankali da rami, ƙashin tsofaffi ba ya haɗuwa."

"Sauko, ɗan nema. Ina ka je ranar arba'in da tara?"

"Bayan gida. Kana son shaida?"

"Awa biyu?"

"Ka ci ɗanyar kaguwa a shekaruna ka gani." Ya sauko yana nishi. "Na san abin da ake faɗa. To ka saurara. Shafin da zai nuna kakana ne babba yana cikin jakar nan. Shekara goma nake roƙon a buɗe shi gaban jama'a. Mai neman ruwa zai fasa tulu?"

"Ka shiga zauren?"

"Na wuce ta gabansa. Ƙofa a buɗe, babu kowa sai ƙamshin waina daga madafa. Ana ta fama da girki." Ya dube ni. "Kaka, kalmar sirrin ba a manne take a bayan kalanda ba, irin ta Baffa Yong-ho?"

"Na duba. Babu."

"Ka ji mugun tsoho. Ko a raye ba ya ba da aron tsani."

Na bar shi. Mai ƙarya yakan gyara labarinsa ya yi kyau. Na Man-gi wari yake yi.

*

Ban iya cin abincin rana ba. Na sake komawa sawu, na ja baya zuwa watan ƙarshe na rayuwar marigayin. Akwai wani abu da na gani tun a lokacin na kau da kai.

Sha shida ga wata, Gil Pil-gu ya ƙara layi ɗaya a shafin 'ya'yansa. Sha bakwai ga wata, Gil Jae-mun ya cire layi ɗaya daga wannan shafin. Sawu ba ya nuna abin da aka rubuta, yana nuna cewa an taka ne kawai.

Na tarar da Jae-mun a tsohon gidan, ya zazzage aljihunan teburin ubansa a ƙasa. Ya gwada ranar haihuwar tsohon, da sunan mahaifiyarsa, da nasa sunan. Rumbun ya gargaɗe shi cewa saura gwaji biyu a kulle ƙofar.

"Kada ka sake gwadawa," na ce. "Wane layi ka cire ranar sha bakwai?"

Bai ɗago ba. "Kuskuren rubutu."

"Na wa?"

"Baffa, mutumin yana shan magani iri tara. Ido ya tafi. Yana kiran kare da sunan ƙanensa."

"In ido ya tafi, wa ke buga masa rubutun?"

Ya miƙe. "An ce ka nemo ɓarawo, ba a ce ka tona kabari ba. Ranar nan ina gaban kabari, mutum sittin suna kallon ƙeyata. Ko kana zargina ne?"

"Ba na zarginka da goge jakar."

Ya fita ya bar ni da takardu a ƙasa.

*

Alhamis na kasa zama wuri ɗaya. Na je zauren, na koma gida, na zagaya madatsar ruwa, na dawo zauren. Saura kwana ɗaya.

A daji, in sawu ya ɓace, ba gaba ake dubawa ba. Ana komawa inda dabbar ta tsaya tana shawara, don a nan take taka ƙasa da nauyi. Sai na bar layin gogewar, na buɗe ƙananan layukan da ke gabansa, waɗanda ba wanda ke karantawa.

Rumbun ba ya goge jaka sai an rubuta sunanta daidai, don kada a yi kuskure. Sunan jakar Pil-gu. Ƙarfe sha ɗaya da minti bakwai an rubuta wani abu, rumbun ya ce bai dace ba. Da minti tara an sake, bai dace ba. Sannan shiru na minti goma sha ɗaya. Sai aka rubuta daidai.

Na buɗe na farkon. Pil ja Gu ja. Na biyun ma haka.

Na cire tabarau na ajiye.

Ɗan da ya sami tarbiyya ba ya kiran sunan ubansa a dunƙule. In dole ta kama, sai ya gutsura shi gaɓa gaɓa, ya bi kowace da "ja", yadda sunan zai fito ba tare da ya kira shi ba. Ba a yi wa maƙwabci haka, ba a yi wa abokin gaba. Man-gi da ya rubuta shi tsaf har da zagi. Mai wannan sawun bai iya ba, ko da yana shi kaɗai a ɗaki, ko da ya zo ne da niyyar shafe mutumin.

Ɗa ɗaya littafi ya sani. Shi kuma yana kan tsauni a lokacin, sannan da kunnena na ji shi yana jefa wa matar kamfani sunan kamar mai kiran tasi.

Na zagaya bayan zauren. Sun-i tana tsugune gaban babbar roba tana barbaɗa wa kabeji gishiri. Cha Sun-i, mai shekara sittin da uku, 'yar matar da ta yi aiki a gidan magaji tun kafin a haife ni. Ita ke dafa abincin kowane taron dangi, ita ta yi jinyar marigayin shekara huɗu. Ko matsayin mai kallo ba a ba ta ba, tunda ba 'yar dangi ba ce.

"Ka ci abinci kuwa?" ta ce. "Fuskarka kamar busasshen kifi."

"Gobe da tara akwai taro. Baffa Yong-ho ya ce kowa ya zo."

"Zan kawo shayi."

"Ba shayi ba. Ki zo ki zauna."

Hannunta ya tsaya a cikin gishirin. Ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Kabejin nan sai ya kwana," ta ci gaba da barbaɗawa.

Na tafi ina juya abin a raina. In na faɗa, na tsiraita mace a gaban mutanen da ta ciyar shekara arba'in, na tsiraita matacce kuma. In na yi shiru, kakanni goma sha ɗaya sun tafi. Na auna ta kowace fuska, ban sami hanyar da ba ta taka wani ba.

*

Juma'a da tara zauren ya cika. Maza a gaba bisa girma, mata a baya, Sun-i a bakin ƙofa kusa da takalma. Agogon bango yana saman kan Baffa Yong-ho, kowa yana satar kallonsa.

Na fara da kaina. Na ce ni na bar ƙofar matacce a buɗe, in ana neman wanda za a tsige, ga ni.

"Wannan mun sani," in ji Man-gi. "Wuce gaba, Kaka, kada mu tsufa."

Na ce ba Man-gi ba ne, ba kuma Jae-mun ba. Na ɗaga takardar da na rubuta sunan jakar a kai.

"Zan zagaya da wannan. Kowa ya karanta da ƙarfi."

Man-gi ya karanta yana dariya. Malaman makaranta suka karanta. Jae-mun ya ce, "Pil-gu. Wane irin wasa ne wannan?" Matarsa ta karanta ciki ciki. Takarda ta yi ta tafiya baya har ta iso bakin ƙofa.

Na yi niyyar in tsaya kafin nan. Na ɗauka in ta ga inda aka nufa za ta tashi ta same ni a waje. Amma ta miƙo hannu da kanta ta karɓa. Ta daɗe tana kallonta. Gaɓa biyu ce kawai, ta riga ta taɓa rubuta su sau ɗaya, da ta faɗe su da na rasa hujja.

"Pil ja," in ji Sun-i. "Gu ja."

Baffa Yong-ho, da ba ya jin tsawa, wannan ya ji. Ya sunkuyar da kai. A nan na gane ba ni ne na fara sani ba.

"Ƙarya ne," in ji Jae-mun, amma muryar ba ta da ƙashi.

"Ni na goge," ta ce. Ba ta tashi ba. "Da idonsa ya tafi ni nake buga masa. Rannan ya ce in buɗe shafin 'ya'ya. Ya ce in rubuta abin da zai faɗa, kada in yi tambaya. Na rubuta. Washegari ya ce in karanta masa shafin, na duba babu layin. Sai na karanta masa kamar yana nan. Kullum haka har ya tafi." Ta juya wajen Jae-mun. "Ya mutu yana zaton ya gyara."

Ta ci gaba.

"Ranar arba'in da tara na soya waina ɗari biyu. Kuka ɗauka kuka hau. Na kwance zanin girki zan bi ku, aka ce min hawan na 'yan gida ne, in tsaya in kula da miya. Na shigo nan. Na ce tunda littafin ya ce ba ni da uba, bari shi ma ya ji yadda ake yi." Ta goge hannu a zaninta. "Minti nawa na yi, Dal-gu?"

"Goma sha ɗaya."

"Na ɗauka shekara ce."

Agogo ya nuna goma da rabi ta wuce. Jae-mun ya dubi Sun-i.

"Me kike so?" ya ce. "Faɗi. Ki ba mu kalmar, sannan dattawa su zauna su duba maganar."

"Su duba!" in ji Man-gi. "Shekara goma suna duba tawa."

"Ban zo ciniki ba," in ji Sun-i.

Ta tashi, ta ratsa tsakanin maza, wurin da ba ta taɓa takawa ba sai da faranti a hannu. Na ba ta kujera. Ta buga kalmar da yatsu biyu, ƙofa ta buɗe. Ta shiga kwandon shara ba tare da na nuna mata ba. Jakar tana nan, an rubuta saura minti arba'in da ɗaya. Ta danna, ta dawo.

An ji numfashin mutum sittin lokaci ɗaya.

Baffa Yong-ho ya buga sandarsa. "Kalmar nan a rubuta ta, a manna a bayan kalanda. Kada a sake irin wannan. Mece ce?"

Na buɗe baki in ce ba a faɗin kalmar sirri a taro. Ta riga ni.

"Gil Jae-sun."

Jae ita ce gaɓar da duk 'ya'yan tsarar nan ke ɗauka a sunansu. Jae-mun, Jae-ho, Jae-deok. Ba mu da wata Jae-sun. Shekara shida ke nan da kafa rumbun, ni na zaunar da marigayin ya zaɓi kalmar, na juya baya don kada in gani. Tun kafin ciwo, tun kafin magani iri tara, sunan da yake bugawa kowace safiya ke nan.

Jae-mun ya gwada ranar haihuwa, ya gwada sunan uwarsa, ya gwada nasa. Na ga yana lissafin a fuskarsa.

Sun-i ta miƙe. "Miya tana kan wuta," ta ce, ta nufi ƙofa.

"Tsaya." Jae-mun ne. Yana kallon ƙasa. "Wace shekara aka haife ki?"

"Shekarar zomo."

Ya ƙirga a yatsu, yana bin shekarun kalandarmu masu sunayen dabbobi. Da shekara biyar ta girme shi.

"Ka shiga uku," in ji Man-gi a hankali. "Ka tsufa ka sami yaya."

Ba wanda ya yi dariya, sai Baffa Yong-ho, shi ma da alama kuka ne.

Na dubi Jae-mun. Na fitar da sunan ubansa daga kwamfutar, na bar masa kujera. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna, ya shiga da nasa sunan, ya kāre allon da kafaɗa kamar ɗalibi a jarrabawa.

*

Da la'asar, bayan an watse, na kira Sun-i daga madafa. Ta sake shiga da kalmar, muka miƙa matsayin mai gida ga mutum biyu, don kada ya sake zama a hannun mai mutuwa ɗaya. Dattawa sun yarda da hakan da sharaɗin a rubuta cewa shawararsu ce. Da na zo buɗe mata nata matsayin, na tambaye ta wane suna zan sa. Ta ce in duba littafi.

Na duba sawu tukuna, don shi na fi yarda da shi. Ƙarfe sha ɗaya da minti biyu, Gil Jae-mun ya ƙara layi ɗaya a shafin 'ya'ya. Da minti huɗu, ya matsar da layin sama da nasa.

Sannan na rufe sunan Yaya Pil-gu. Rumbun ya ce in rubuta shi don tabbatarwa. Ta juya baya tana kallon taga har na gama.